Daga Shaidun Kasuwar Jega Zuwa Hatimin Intanet: Tarihin Dokar Notari a Najeriya

A watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan rantsar da shi, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan wata doka da ba ta ja hankalin jama'a ba, domin a lokacin maganar cire tallafin man fetur ce ta cika zaure da kasuwa. Ita ce Dokar Notari ta 2023, wadda ta soke wata tsohuwar doka da ta shekara 87 tana aiki, tun daga 1936.

Notari lauya ne da Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa, ya ba shi ikon ya shaida cewa wane ne ya sa hannu a takarda kaza, ko cewa kwafin nan daidai yake da na asali, ko kuma ya rantsar da mutum a kan abin da ya faɗa, sannan ya buga hatiminsa. Amfanin hatimin shi ne hukumar da ba ta san mutum ba, a ƙasar da ba ta taɓa jin sunan garinsu ba, ta yarda da takardarsa.

Mutum na iya ƙare rayuwarsa a Jega ko Aliero ko Maiyama bai taɓa buƙatar wannan hatimi ba. Sai ranar da ɗalibar da ta gama jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, aka ce ta turo kwafin takardunta da shaidar notari. Ko ranar da ɗan Maiyama mazaunin Jidda ya so ya wakilta ƙanensa ya tsaya masa wajen rabon gādo. A irin wannan rana ake gane cewa dokar ta shafi gida. Tarihinta kuwa tarihi ne na wata tambaya da ta girme ta nesa ba kusa ba: idan mutum biyu suka ƙulla magana, shaidar wa za a karɓa a inda ba a san su ba?

Kafin hatimin Bature

Jega gari ne da kasuwa ta raina. Muhammadu Buhari, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, shi ya kafa garin wajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara, ƙarƙashin ikon Gwandu, bayan tawayen mahaifinsa a Kware ya ƙare da mutuwarsa a 1818. Kafin ƙarni na 19 ya fita, kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato, kuma ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a cikinta.

Fatauci irin wannan da bashi yake tafiya. Mai dukiya zai ba falke kaya ya tafi, ba za a sake ganinsa ba sai bayan watanni, wani lokaci sai shekara ta zagayo. Wanda ya sauka a garin da ba nasa ba yana da fatoma, mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa idan aka yi gardama. Ana ƙulla ciniki a gaban shaidu, idan abin ya yi nauyi a kira malami ya rubuta da Larabci. In rigima ta tashi, sai gaban alƙali.

Wannan tsari yana da tushe a shari'a. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa masa shaidu, kuma ta ɗora wa marubucin nauyin yin adalci. Malaman mazhabar Malikiyya sun gina fanni guda a kan wannan, ilimin rubuta wasiƙoƙin ƙulla yarjejeniya. Ibn al-Attar na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1009, da al-Wansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, suna cikin waɗanda suka yi fice a fannin. A Maroko har yau akwai ma'aikatan da ake kira adilai, waɗanda sana'arsu ke nan, su rubuta aure da ciniki da wasiyya su kuma shaida. A 2018 aka buɗe wa mata ƙofar shiga cikinsu.

Alƙalan ƙasar Gwandu da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim suke aiki, ga kuma Diya'ul Hukkam na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda shi ne ya fara riƙe wannan yanki na yammacin daula. A waɗannan littattafai, nauyin hujja a kan mutumin da ya shaida yake. Takarda tana taimaka wa tuni, amma abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ko shaidan adali ne, kuma idan bai san shi ba sai a kawo wanda zai tsarkake shi, ya ce ya san halinsa. Haka kuma ba a karɓar shaidar wanda zai ci moriyar abin da yake shaidawa. Ya kamata a riƙe wannan ƙa'ida ta ƙarshe, domin za ta sake ɓullowa a Kotun Ƙoli bayan shekaru fiye da ɗari.

Hatimi ma ba baƙo ba ne. Wasiƙun sarakuna da waziri suna ɗauke da shi, kamar yadda ake gani a wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Abin da babu shi ne ofishi na musamman, mai rajista, wanda aikinsa kawai ya sa hatimi a takardun talakawa don wata ƙasa ta karɓa.

Reshen da ya fito daga Rum

Ofishin notari a daular Rum ya samo asali, daga marubutan da ke tsara wa mutane takardun ciniki da wasiyya. A ƙarni na 13 ya bunƙasa a biranen kasuwanci na Italiya, musamman Bolonya, inda aka mayar da shi darasin jami'a. Daga nan ya rabu gida biyu.

A Faransa, dokar 1803 ta zamanin Napoleon ta mayar da notari babban jami'i wanda cinikin gida da rabon gādo da yarjejeniyar dukiyar aure ke bi ta hannunsa. Wannan gādon ne Nijar da Benin suka karɓa, ƙasashe biyun da suka yi iyaka da Jihar Kebbi. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya je Yamai ko Kwatano zai tarar ana ba notari wani girma da bai saba gani a gida ba.

A Ingila kuwa ofishin bai yi faɗi haka ba. Da farko Fafaroma ke ba da izinin naɗa notari. Da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Rum, dokar 1533 ta mayar da ikon hannun Babban Limamin Kantabari, kuma har yau wani ofishi da ke ƙarƙashinsa ne ke naɗa notari a Ingila. Aikin notarin Ingila ya fi karkata ga takardun da za su ƙetare teku: takardun biyan kuɗi tsakanin 'yan kasuwar ƙasashe, wakilci, da ƙorafin matuƙan jiragen ruwa. Wannan ƙaramin reshe ne aka dasa a Najeriya.

Dokar 1936

An kafa dokar a zamanin Gwamna Bernard Bourdillon, lokacin da Donald Kingdon yake Alƙalin Alƙalai. Gajeriyar doka ce. Ta ba Alƙalin Alƙalai ikon naɗa duk lauyan da ya ga ya cancanta. Ta ce wanda aka naɗa zai yi rantsuwa, a rubuta sunansa a rajistar da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ke ajiyewa, kuma a ɗauke shi a matsayin jami'in wannan kotu. Ta tanadi yadda za a dakatar da shi ko a soke sunansa idan ya ci amana.

Da aka zo kan ainihin aikinsa, dokar ba ta lissafa komai ba. Cewa kawai ta yi zai yi ayyukan da notari ke yi a Ingila. Wannan jimla ta tsira daga samun 'yancin kai a 1960, ta tsira daga zama jamhuriya a 1963, ta wuce duk gwamnatocin soja, ta shiga kundin dokokin tarayya na 1990 da na 2004. Shekara 63 bayan saukar tutar Ingila, lauyan Najeriya da ke son sanin iyakar ikonsa na notari sai ya buɗe littafin Ingila.

Wani sashe na dokar ya nuna waɗanda aka yi ta dominsu. Ya ce majistarori notari ne saboda muƙaminsu, haka ma manyan jami'an kwastan na tashoshin jiragen ruwa, amma su ikonsu ya tsaya ga karɓar ƙorafin matuƙan jirgi, kuma sai a tashar da babu notarin da aka naɗa. Ƙorafin matuƙi shi ne bayanin da mai jan jirgi ke yi da rantsuwa idan ya iso tasha bayan guguwa, cewa idan an tarar kaya sun lalace, laifin teku ne. Doka ce ta Legas da Fatakwal da Kalaba, ta kamfanonin Turawa da bankunansu. Jega, da duk girman kasuwarta, kwalekwale take gani a gulbi.

Ko da mutanen Gwandu sun so shiga, ƙofar a rufe take. Sai lauya ake naɗawa, kuma Jihar Arewa ba ta samu lauyanta na farko ba sai a 1955, lokacin da Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilori ya kammala a Landan. Shekara 19 ke nan dokar tana aiki babu ɗan Arewa ko ɗaya da ya cika sharaɗin farko. Ban da haka, Turawa sun hana lauyoyi bayyana a kotunan alƙalai na En'e, inda nan ne talaka ke kai ƙararsa. Sai a 1987 ɗan Arewa, Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina, ya hau kujerar da ke naɗa notari.

Abin da talaka ya sani

A duk tsawon wannan lokaci mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba su zauna babu shaida ba. Cinikin gona ana yin sa a gaban dagaci ko mai unguwa, da maƙwabtan gonar da suka san iyaka. Aure waliyyai da shaidu ke ɗaura shi. Gādo alƙali ke rabawa. Da boko ya shigo, sai aka samu masu rubuta wa mutane wasiƙa da takardar yarjejeniya a bakin kotu da gidan waya, har gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubuci ya sa sunansa da adireshinsa a takardar, alamar cewa ya karanta wa mai ita kuma ya fahimtar da shi kafin ya dangwala yatsa.

Bayan 'yancin kai, Dokar Rantsuwa ta 1963 ta tsara waɗanda ke da ikon rantsar da mutum. A nan ne jama'a suka saba da kwamishinan rantsuwa, ma'aikacin rajistar kotu da ke buga tambari a takardar shaidar shekaru, ko ta canjin suna, ko ta ɓatan takardu. Mutane da yawa suna ɗauka shi ne notari. Bambancin yana bayyana ne idan takarda za ta fita ƙasar: tambarin rajistar kotu ya wadatar a cikin gida, amma jami'o'i da bankuna da ofisoshin jakadancin waje galibi hatimin notari suke nema.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, manyan kotuna da ofisoshin lauyoyi sun taru a Birnin Kebbi. Daga Jega tafiyar ba ta kai sa'a guda ba, amma ga mutumin ƙauyukan Maiyama yini ne guda, da kuɗin mota, da barin gona. Kuma hatimin notari mataki ne na farko kawai. Najeriya ba ta shiga yarjejeniyar Heg ta 1961 ba, wadda ta sa ƙasashen da ke cikinta suke karɓar takardun juna da tambari ɗaya. Don haka takarda takan wuce Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga nan ta je ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta.

Ranar da hatimi ya shiga shari'ar shugaban ƙasa

Wanda yake ganin wannan doka ƙaramar magana ce ya dubi abin da ya faru bayan zaɓen Afrilun 2007. Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar ANPP ya ƙalubalanci nasarar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ƙa'idar sauraren ƙarar ta ce shaidu su rubuta bayaninsu da rantsuwa tun kafin zama. Aka rantsar da shaidun Buhari a gaban wani notari, sai dai notarin yana cikin lauyoyin da ke tsaya masa a shari'ar.

Sashe na 19 na dokar 1936 ya hana notari aiki da ikonsa a al'amarin da yake da ruwa da tsaki a ciki, kuma Dokar Shaida ta hana karɓar rantsuwar da aka yi a gaban lauyan mai ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da kusan dukkan bayanan shaidun. A ranar 12 ga Disamba, 2008, Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen 'Yar'aduwa da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, Mai Shari'a Niki Tobi ne ya karanta hukuncin masu rinjaye. Shari'ar tana da wasu rassa masu nauyi, musamman batun takardun ƙuri'a marasa lamba da alƙalai ukun suka tsaya a kai, amma mai ƙarar da aka zare masa shaidu ya shiga fage hannu rabbana.

Da za a karanta wa alƙalin Jega na ƙarni na 19 wannan hukunci, ba zai ji baƙon abu ba. Ƙa'idar da ya sani ce: mai moriya ba ya shaida. Reshen Rum da reshen Malikiyya sun bi hanyoyi daban, suka haɗu a wuri guda.

Abin da dokar 2023 ta canza

Jihar Bajiniya ta Amurka ce ta fara halatta wa notari ya shaida takarda ta hoton bidiyo, da dokar da ta fara aiki a 2012. Annobar korona ta 2020, da ta rufe ofisoshi da iyakoki, ta tura wasu ƙasashe da dama suka bi sahu. Najeriya ta iso a 2023, da doka biyu a wata ɗaya: sabuwar Dokar Notari, da gyaran Dokar Shaida wanda ya amince da sa hannu na kwamfuta da yin rantsuwa ta bidiyo.

Ikon naɗi yana nan a hannun Alƙalin Alƙalai, kuma har yanzu sai lauya. Canjin farko shi ne dokar ta daina tura mutum Ingila, ta lissafa ayyukan da kanta: shaida sa hannu a yarjejeniyar ciniki da ta ƙasa da jingina da wakilci, takardun kamfani, rantsarwa, da tabbatar da kwafin takardu irin su shaidar haihuwa, shaidar makaranta, shaidar aure da shafin fasfo.

Canji na biyu shi ne mafi girma. Yanzu notari na iya shaida takarda ta intanet, yana gari mai takardar yana wani gari, ko ma wata ƙasa, matuƙar suna ganin juna suna jin juna kai tsaye. Dole notarin ya yi rajistar wannan aiki a wurin Babban Magatakardan Kotun Ƙoli, ya mallaki sa hannu da hatimi na kwamfuta, ya tabbatar da ko wane ne ke gabansa, ya kuma naɗi zaman ya ajiye. Takardar da aka shaida ta wannan hanya tana da ƙarfi a kotu kamar wadda aka buga wa hatimin ƙarfe.

Ga ɗan Maiyama da ke Jidda, wannan sauƙi ne na gaske. Haka ga ɗan kasuwar albasa na Aliero da ke son ya ba wakilinsa na wata ƙasa iko a rubuce alhali lokacin cire albasa ya kama, ba ya iya barin gona. Abin da dokar 1936 ta ajiye a bakin teku ya iso wayar da ke aljihunsa.

Abin da ya rage

Akwai iyakokin da ya kamata mai karatu ya sani. Hatimin notari shaida ne cewa wane ya sa hannu, ba ya tabbatar da cewa abin da aka sayar na mai sayarwa ne. Gonar da aka yi cinikinta har yanzu tana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sharɗanta amincewar gwamna ko ta ƙaramar hukuma, gwargwadon irin haƙƙin da ke kan filin. Matakin Abuja da na ofishin jakadanci ma suna nan, domin dokar cikin gida ba ta tilasta wa wata ƙasa komai. Sannan zaman bidiyo yana bukatar sabis mai ƙarfi da wuta da katin shaida ingantacce, abubuwan da ba kowane ƙauye ke da su ba.

Babbar matsalar tana wajen sanin mutum. Shaidan da ya tsaya a kasuwar Jega ya san mai sayarwa, ya san ubansa, ya san ko gonar tasa ce ko ta marayun ɗan'uwansa. Idan ya yi ƙarya, a garin zai kwana, a masallacin unguwar zai yi sallah. Notarin da ke Abuja yana kallon fuska a allo da katin da aka ɗaga masa. Ba ya ganin wanda ke tsaye a bayan waya. Dattijuwar da aka karanta wa takardar Turanci aka ce mata ta rabon taki ce, alhali wakilcin sayar da gidanta ne, tana iya gyaɗa kai a bidiyo kamar yadda za ta dangwala yatsa a takarda. Fasahar da ke iya ƙirƙiro fuska da muryar mutum kuma kullum ƙara araha take yi.

Dokar ta bar wannan nauyi a wuyan notari, kuma hoton zaman da ta ce a ajiye yana iya zama hujja a kansa idan ya yi sakaci. Aikin da ke gaban lauyoyin Kebbi da masu kula da su shi ne su riƙa yin abin da alƙalan da suka gabata suke yi kafin su karɓi shaida: a fassara wa mutum takarda da Hausa a cikin zaman da ake naɗa, a tambaye shi ya faɗi da bakinsa abin da ya fahimta, idan kuma abin ya shafi gona ko gida a nemi wanda ya san shi ya bayyana tare da shi. Shi ma mai takarda yana da haƙƙin ya tambayi notari ko sunansa yana rajistar Kotun Ƙoli, ya kuma tabbatar ba lauyan wani ɓangare a al'amarin ba ne. Shari'ar 2008 ta nuna abin da rashin yin wannan tambaya ta biyu ke iya jawowa.